Rubutu Daga Dama Zuwa Hagu: Cinikin Da Ke Kuɓuce Wa Kamfanonin Manhajar Intanet

Duk wanda ya zaro takardar Naira 1,000 daga aljihunsa ya dube ta da kyau, zai ga rubutu iri biyu suna fuskantar juna. Na Turanci ya taso daga hagu ya nufi dama, na Ajami kuwa, inda aka rubuta darajar kuɗin da Hausa, ya taso daga dama ya nufi hagu. Masu buga kuɗi ba su sha wata wahala ba wajen haɗa su a takarda guda, domin sau ɗaya aka zana su, kowace takarda kuma ta fito kamar 'yar uwarta. Amma da aka ce kwamfuta ta yi irin wannan aiki a shafin intanet, inda sunan mai saye da farashi da lambar asusu ke canzawa daga wannan mutum zuwa wancan, sai al'amarin ya zama wani babban aiki da ya ci wa kamfanoni kuɗi da shekaru, har yanzu kuma bai ƙare ba.

Dalilin da ya sa kamfanoni ba su iya kawar da kai daga wannan aiki ba shi ne girman kasuwar da ke bayansa. Masu magana da Larabci sun haura mutum miliyan 400, a ƙasashe 22 na Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, kuma tun shekarar 1973 harshen ke cikin harsunan aiki na Majalisar Ɗinkin Duniya. A kan wannan sai a ƙara masu Farisanci a Iran da Afghanistan, da masu Urdu a Pakistan da Indiya, da masu Pashto, da masu Ibrananci a Isra'ila, dukkansu daga dama suke fara rubutu. Duk da haka, ƙididdigar da kamfanin W3Techs ke yi a kan harsunan shafukan intanet ta daɗe tana nuna cewa rabon Larabci yana kewayen kashi 1 cikin 100 ne, ko ma ƙasa da haka.

Manyan kamfanonin Amurka sun ga wannan giɓi, kuma da yawansu sun gwammace su sayi waɗanda suka riga suka iya aikin maimakon su fara daga tushe. A shekarar 2009 kamfanin Yahoo ya sayi Maktoob na ƙasar Jodan, wanda ya yi suna da aika wasiƙun intanet da Larabci, a kan Dalar Amurka miliyan 164. A 2017 Amazon ya sayi kasuwar Souq da ke Dubai a kan Dala miliyan 580, a 2019 kuma Uber ya ba da sanarwar sayen Careem a kan Dala miliyan dubu 3 da miliyan 100. Ba rubutu kaɗai aka saya da waɗannan kuɗaɗe ba, akwai rumbunan ajiya da direbobi da amincin jama'a, sai dai babu ɗaya daga cikin kamfanonin nan da zai kai matsayin da ya kai in da masu hulɗa da shi ba su iya karanta shafinsa da harshensu ba. Facebook ya fito da Larabci da Ibrananci a watan Maris na 2009. Twitter, wanda a yau ake kira X, bai kai ga Larabci da Farisanci da Ibrananci da Urdu ba sai a watan Maris na 2012, bayan da dubban 'yan sa kai suka taya shi fassara.

Asalin matsalar tana cikin haihuwar kwamfuta ita kanta. Tsarin ASCII da aka amince da shi a Amurka a 1963 gurbi 128 kawai ya tanada, watau haruffan Turanci da lambobi da alamomin rubutu, kuma an ɗauka kai tsaye cewa kowane harafi zai zauna a daman wanda ya gabace shi. Larabawa ba su zauna jira ba. A Kuwait, marigayi Muhammad Al-Sharikh ya kafa sashen Sakhr a 1982, wanda ya fitar da kwamfutoci masu aiki da Larabci zuwa gidaje da makarantu. Amma kowane kamfani da nasa tsarin lambar haruffa, ta yadda takardar da aka rubuta a wannan na'ura in an buɗe ta a waccan sai ta fito kamar tsutsotsi. A farkon zamanin intanet, masu shafukan Ibrananci da dama sukan juya jimla su ajiye ta a baibai, harafin ƙarshe a farko, don in na'urar da ba ta san komai ba ta jera daga hagu, mai karatu ya ga daidai. Dabarar takan rushe da zarar layi ya yi tsawo ya karye. Matasan Larabawa kuwa sai suka koma rubuta harshensu da haruffan Turanci da lambobi, 3 a madadin harafin ain, 7 a madadin ha mai kauri, al'adar da har yau ba ta mutu ba.

Gyara na sosai ya zo ne da ƙungiyar Unicode, wadda aka kafa a Kalifoniya a 1991, kuma kundinta na farko da ya fito a shekarar ya ƙunshi haruffan Larabci da na Ibrananci. Ƙa'idar da ta shimfiɗa ita ce a ajiye rubutu bisa jerin da mai rubutu ya buga shi, harafin da aka fara faɗa shi ne na farko, sa'an nan a bar wa na'ura ta lissafa inda kowane zai zauna a kan allo. A watan Disamba na 1997 ƙa'idar HTML ta huɗu ta ba masu gina shafuka wata 'yar alama da za su sa a saman shafi ko sakin layi, su shaida wa na'ura cewa daga dama ake farawa. A 1998 ƙa'idar CSS ta biyu, wadda ke kula da fasalin shafi, ta bi sahu.

Wanda bai taɓa aikin ba zai zaci nan magana ta ƙare, a sa alama, rubutu ya juya. Abin da ya hana haka shi ne babu shafin ciniki da ke tafiya da rubutu iri ɗaya zalla. Balarabe yana rubuta kalmominsa daga dama, amma lambobinsa suna fitowa da babban gurbi a hagu, daidai da na Bature: 250 ɗari biyu da hamsin ce a Legas, haka take a Jidda. Sunayen kaya irin su Samsung ko Toyota sukan faɗo tsakiyar jimlar Larabci da haruffansu na asali. Saboda haka layi ɗaya yakan canza alƙibla sau uku ko huɗu kafin ya kai ƙarshe.

Lissafin da Unicode ta tanada domin wannan ya kasa alamomin rubutu gida-gida. Akwai masu ƙarfi, watau haruffan da suka san inda suka dosa, na Larabci hagu, na Turanci dama. Akwai masu rauni, galibi lambobi da alamomin da ke tafiya da su. Akwai kuma 'yan ba-ruwanmu, irin su fili tsakanin kalmomi da baka da alamar motsin rai, waɗanda ke bin maƙwabtansu. In maƙwabcin dama da na hagu sun yarda da juna, ɗan ba-ruwanmu ya bi su. In sun saɓa, sai ya bi alƙiblar sakin layin gaba ɗaya. A nan ne yawancin ɓarna ke faruwa, domin in mai gina shafi bai faɗi alƙiblar sakin layin ba, na'ura za ta ɗauka daga hagu ne. Shi ya sa ake yawan ganin jimlar Larabci da ayarta ta yi tsalle ta koma farkon magana.

Tsallen aya abin dariya ne, amma tsallen lamba ba abin dariya ba ne. A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ke fitar da riɗi ko zoɓo daga Kano zuwa Jidda, wanda manhajar kamfaninsa ke buga wa mai saye takardar biyan kuɗi da Larabci. In an rubuta lambar asusu rukuni-rukuni da fili a tsakani, misali 123 456 789, a cikin sakin layi mai farawa daga dama, kowane rukuni zai tsaya daidai a karan kansa, amma jerin rukunan zai juya, ma'aikacin bankin da ya karanta daga hagu ya ga 789 456 123. Alamar ragi da ke gaban adadi kan koma bayansa, wanda bai saba ba ya kasa gane bashi ne ko riba. Abin da ke cikin rumbun bayanai bai canza ba, ko lamba ɗaya ba ta ɓata ba, abin da ido ya gani ne ya canza, kuma da ido ake kwafe lamba a tura kuɗi. Maganin kuwa ba shi da tsada ga wanda ya sani: a killace lambar waya da lambar asusu da adireshin wasiƙar intanet, a shaida wa na'ura cewa su kam kullum daga hagu suke farawa.

Wahalar ta fi tsanani a shafukan da jama'a ke zuba nasu rubutun, kamar kasuwannin intanet, inda mai gina shafi bai san da wane harshe mai saye zai rubuta sunansa ba. In sunan Larabci ya faɗo cikin jimlar Turanci, lamba kuma ta biyo bayansa, sai sunan ya janye lambar zuwa ɗaya gefen, adadin kayan da aka saya ya rabu da kalmar da ke bayaninsa. Sai a 2013, a kundin Unicode na 6.3, aka ƙara alamomin killacewa da ke hana baƙon rubutu shafar maƙwabtansa, ƙa'idar HTML ta biyar da aka tabbatar a 2014 kuma ta ba da irin wannan dama, har da barin na'ura ta cinki alƙibla daga harafin farko mai ƙarfi. Cinkar takan kuskure in jimlar Larabci ta fara da sunan kaya na Turanci.

Bayan rubutu sai fasalin shafin kansa. Idon mai karanta Larabci yana fara faɗawa ne a kusurwar dama ta sama, don haka tambarin kamfani da jerin zaɓi da ginshiƙin farko na jadawali duk can ya kamata su koma, tamkar an ɗora shafin a gaban madubi. Kibiyar da ke nufin "gaba" dole ta kalli hagu. Sandar da ke nuna yadda lodi ke ci gaba dole ta ciko daga dama. Amma ba komai ake juyawa ba, kuma a nan ne ake bambance gwani da ɗan koyo. Agogo ba ya juyawa, hannunsa hanya ɗaya yake bi a ko'ina. Tambarin kamfani da hoton kaya da taswira ba a juya su. Maɓallin kunna bidiyo ma akan bar shi yadda yake. An sha ganin shafukan da aka juya da ƙarfin tsiya, rubutun da ke jikin kwalin kaya ya fito a baibai.

Shekaru da dama hanyar da aka fi bi ita ce a rubuta fasalin shafi da "hagu" da "dama", sa'an nan a sa wata manhaja ta bi ta musanya su, a samu fayil na biyu. Haka Wikipedia ke yi da CSSJanus, wadda ta ba sashenta na Larabci, da aka buɗe a 2003, da sauran 'yan uwansa damar amfani da fasali ɗaya da na Turanci. Bootstrap, ɗaya daga cikin kayan gina shafuka da suka fi yaɗuwa a duniya, bai shigar da wannan a hukumance ba sai a fitowarsa ta biyar a 2021, ta hanyar RTLCSS. Sabuwar hanya, wadda manyan manhajojin buɗe shafuka duk sun karɓa, ita ce a daina ambaton hagu da dama ɗungurungum, a ce "farkon layi" da "ƙarshen layi", na'ura ta fassara bisa harshen mai karatu. A wayoyin hannu, Android ya kawo juya fasali a 2012, Apple kuma a 2015. Kamfanin da ya fara gini da wannan tsari ba ya ƙara kashe wani abin kirki. Wanda ya tara shekaru yana zuba "hagu" da "dama" a dubban wurare kuwa, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Sau da yawa ranar da aka sami kwangila daga Riyad ko Alƙahira ce ake tuna wannan aiki.

Su kansu haruffan suna da nasu hali. Haruffan Larabci 28 ne, mafi yawansu suna da siga har huɗu, gwargwadon ko harafi yana farkon kalma, ko tsakiya, ko ƙarshe, ko shi kaɗai, shida daga ciki kuma ba sa haɗuwa da na bayansu. Lam da alif in sun haɗu sukan zama siga guda. Duk ɗan makarantar allo ya san wannan, amma kwamfuta sai an koya mata. Injin da ya fi ɗaukar wannan nauyi a yau shi ne HarfBuzz, wanda Behdad Esfahbod, ɗan asalin Iran, ya jagoranci gina shi, kuma Chrome da Firefox da Android duk da shi suke aiki. Duk da haka mai zane da ya saba buɗa tsakanin haruffa don ado, in ya yi wa Larabci haka, ya tsinke kalma. Manhajojin buga takardun PDF da na rubutu a kan hoto da yawa har yanzu sukan fitar da haruffa a warwatse kuma a juye, abin da ke zubar da mutuncin kamfani a idon mai saye tun kafin ya duba farashi. Masu Urdu sun fi kowa jin jiki, domin salon Nasta'aliƙ da suka saba da shi gangarowa yake yi daga sama zuwa ƙasa a kowace kalma. Shekaru da yawa jaridunsu a intanet hoton rubutu suke liƙawa, wanda injin bincike ba ya iya karantawa, mai talla kuma ba ya iya sanin abin da ke ciki.

Akwai kuma abubuwan da ba su shafi alƙibla ba, amma tare suke zuwa. Hausa da Turanci tilo da jam'i kawai suka sani, Larabci kuwa a kundin bayanan harsuna na Unicode siga shida gare shi wajen ƙirga, har da ta biyu-biyu, saboda haka saƙon da ke cewa "kaya kaza a cikin kwando" sai an tanadi jimlolinsa dabam-dabam. Dinarin Kuwait da na Bahrain da na Jodan kashi 1,000 ake raba su, ba 100 ba, manhajar da ta saba da Naira da kwabo za ta yanke lamba ta uku. Masar da ƙasashen Gabas sun saba da siffar lambobin da ake kira na Hindu, Maroko da Aljeriya da Tunisiya kuwa irin namu suke amfani da su, fom ɗin da ya ƙi karɓar nau'i ɗaya ya kori mai saye a daidai wurin biya. Harafin kaf da ya na Farisanci lambarsu dabam da ta Larabci ko da yake sun yi kama a ido, don haka mai neman kaya zai buga suna daidai, na'ura ta ce babu. Hatta ranakun hutu ba ɗaya ba ne: Saudiyya ta koma Juma'a da Asabar a 2013, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma ta koma Asabar da Lahadi a farkon 2022.

A wasu ƙasashen al'amarin ya wuce son rai, ya zama doka. Hukumar zakka da haraji da kwastan ta Saudiyya ta wajabta fitar da takardun haraji ta na'ura tun daga 4 ga Disamba 2021, kuma ƙa'idar harajin ƙasar ta ce takardar ta kasance da Larabci, ko da an haɗa da wani harshe. Dokar kare masu saye ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta 2020 ita ma ta ce a rubuta rasit da Larabci. Manhajar lissafin kuɗi da ba ta iya wannan ba, babu mai sayenta a can komai arharta.

Bankuna suna da wani dalili na daban da zai sa su kula. Cikin alamomin Unicode akwai waɗanda ba a gani, aikinsu kawai su tilasta wa rubutu juyawa. 'Yan damfara sun daɗe suna cusa ɗaya daga ciki a sunan fayil, ta yadda manhaja mai cutarwa za ta bayyana a allo kamar takardar rasit ko hoto, ma'aikaci ya danna ba tare da shakka ba. A watan Nuwamba na 2021 Nicholas Boucher da marigayi Farfesa Ross Anderson na Jami'ar Kambirij suka nuna cewa ana iya yin irin wannan a cikin rubutun manhaja kansa, mai dubawa ya ga umarni ɗaya, na'ura ta aiwatar da wani. Bayan bayyanar binciken, GitHub da wasu masu kayan aikin rubuta manhaja suka fara gargaɗi duk inda suka ci karo da waɗannan alamomi. Toshe su baki ɗaya ba mafita ba ce ga kamfanin da ke hulɗa da Larabawa, domin wasu daga cikinsu ne ke gyara jimlolin da aka ambata a baya.

Ga kamfanonin Nijeriya, wannan ba labarin nesa ba ne. Ciniki a ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka ya fara a hukumance a ranar 1 ga Janairu 2021, kuma arewacin nahiyar, daga Masar mai mutum fiye da miliyan 100 har zuwa Maroko, da Larabci yake aiki. Cadi, wadda ke maƙwabtaka da Jihar Borno, Larabci da Faransanci ne harsunan gwamnatinta. Kamfanonin biyan kuɗi da suka yi ƙarfi a Legas, irin su OPay da Flutterwave, sun riga sun leƙa Masar. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da ke sintiri tsakanin Kano da Dubai da Jidda da Alƙahira kullum cikin takardu masu rubutu biyu suke. Abin da ya fi ƙaranci a wannan aiki ba injiniya ba ne, mai karatu ne da zai zauna gaban allo ya ce wannan baka ta juya, wannan lambar ta yi tsalle. Injiniyan da bai iya karanta Larabci ba zai dubi shafi a hargitse ya ga ya yi kyau. Nijeriya kuwa tana yaye ɗaliban Larabci kowace shekara daga jami'o'in Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Ilorin da Maiduguri, mafi yawansu aikin koyarwa kaɗai suke hange, alhali gwajin manhaja sana'a ce da ake koyo cikin watanni, ana kuma iya yin ta daga gida a karɓi kuɗin waje.

Sai kuma kasuwar cikin gida, wadda ba a cika lissafa ta ba. Akwai dattawa da 'yan kasuwa da mata a Arewa da kudancin Nijar, da Hausawan Sudan da Cadi, waɗanda Boko ke yi wa wuya amma suna karanta Ajami ba gargada. Kamfanin Triumph na Kano ya taɓa buga jaridar Alfijir da Ajami domin irinsu. Babban Bankin Nijeriya ya cire Ajami daga takardun Naira 5 da 10 da 20 da 50 a 2007, ya kuma cire shi daga Naira 100 ta bikin cika shekara ɗari a 2014, amma ya bar shi a kan 200 da 500 da 1,000, har a sabon fasalin 2022. Ke nan mutumin da ke karanta darajar kuɗi da Ajami a hannunsa, in ya buɗe manhajar banki a wayarsa, Turanci zai tarar, in an yi masa alheri ya sami Hausar Boko, wadda ita ma sau da yawa ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ suke zubewa a hanya.

Wasu al'ummomin Afirka ta Yamma sun nuna cewa ana iya cimma wannan. Rubutun N'Ko, wanda Sulemana Kante ya ƙirƙira a 1949 domin harsunan Mande, daga dama yake farawa, ya kuma shiga Unicode a 2006. Adlam na Fulfulde, wanda 'yan uwa biyu Ibrahima da Abdoulaye Barry suka ƙirƙira a Gini suna yara a ƙarshen shekarun 1980, ya shiga a 2016, zuwa 2019 kuma Microsoft ya sa shi a Windows. Duk manhajar da aka gina da kyau domin Larabci ta riga ta yi wa waɗannan rabin aiki.

Ajamin Hausa ma ya sami rabonsa a hankali. Rubutun da ake koyo a tsangayu na ruwayar Warshu ne, inda fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, saɓanin abin da aka saba a Gabas. Unicode ta ba waɗannan sigogi nasu gurbi a 2016, a 2020 kuma ta ƙara wasu haruffa masu ɗigo uku da marubutan Hausa ke amfani da su. Ƙungiyar SIL ta fitar da zubin haruffa guda biyu kyauta, Harmattan domin Afirka ta Yamma baki ɗaya, da Alkalami wanda aka kwaikwayo daga hannun marubutan Kano, mai kaurin nan da aka sani a littattafan kasuwar Kurmi. Ajami ba ya tafiya sai da wasulla, fataha da kisira da rufu'a da ɗigon imala, domin in babu su kalmomin Hausa da yawa za su rikice, saboda haka layinsa na bukatar fili sama da ƙasa fiye da na jaridar Larabci, in ba haka ba akwatin fom ya yanke su.

Abin da ya rage ba na injiniya ba ne. Boko ya sami Hukumar Harshen Hausa a 1955, da tarurrukan daidaita ƙa'ida a Bamako a 1966 da Yamai a 1980. Ajami bai sami irin wannan gata ba, malamin Sakkwato da na Kano da na Damagaram kowa na iya rubuta kalma ɗaya da tasa siga. A kan takarda mai karatu yakan gane. A kwamfuta kuwa, sunan Faruku da aka buga da fa ta Warshu da wanda aka buga da fa ta Gabas sunaye biyu ne dabam, kuma bankin da zai buɗe asusu da Ajami sai ya fara yanke shawarar wanne zai ajiye a rumbunsa, da yadda zai daidaita shi da sunan Boko da ke kan katin ɗan ƙasa da lambar BVN.